NIMA: UNGUWAR DA MURHUNTA BA YA MUTUWA

Duk wanda ya taɓa kwana a Nima ya san cewa ba ladan ne ke fara tashi a unguwar nan ba. Tun wajen ƙarfe uku na dare, lokacin da masu shayi ke haɗa kofunansu za su tafi kwanciya, akwai matan da suka riga suka hura wuta a lungunan da ke bayan babban titi, wasu na tace gasara, wasu na wanke wake, wasu kuwa na kiciniyar ɗora tukwanen da sai mutum biyu ke iya ɗagawa. Kafin liman ya sallame sallar asuba an riga an jera tebura a bakin hanya, kuma mafi yawan waɗanda suka fito daga masallaci ba gida suke nufa kai tsaye ba, layin mai koko suke shiga. Daga wannan lokaci har wani ƙarfe ukun ya zagayo, babu sa'ar da mutum zai ratsa Nima da 'yan sidi a aljihu ya ce ya rasa abin da zai sa a bakinsa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu shi ne wata 'yar gardama da muka yi a ɗakin malamai na makarantar da nake koyarwa. Wata abokiyar aikina, mutuniyar Kumasi, ta buɗe ƙunshin waakye da ta sayo a hanya, ƙamshi ya cika ɗaki, sai hira ta koma kan abinci. Ta tsaya kai da fata cewa waakye kalmar Tonanci ce, watau harshen Twi, hujjarta kuwa ita ce yadda ake rubuta ta. Na ce mata, "Madam, rubutun naku ne, amma kalmar tamu ce." Na ɗauki alli na rubuta mata "shinkafa da wake" a jikin allo, na nuna mata cewa bakin mutane ne ya yar da shinkafar ya riƙe waken, kuma wannan "ky" da Tonawa ke rubutawa ita ce "c" ɗinmu. Ta yi dariya ta ce ta ji. To amma abin da ya dame ni shi ne, akwai wani matashin malami ɗan Zango a ɗakin, haifaffen Mamobi, shi ma ya ce wallahi bai taɓa sani ba.

Ba waakye kaɗai ba ne. Mai karatu ya duba allunan masu abinci a ko'ina cikin Akra. Abin da suke rubutawa "koose" ƙosai ne, "tuo zaafi" tuwo ne mai zafi, wanda 'yan boko suka taƙaita zuwa TZ, "fula" fura ce, "pinkaso" funkaso ne, "maasa" masa ce, ƙuliƙuli kuwa ko canja masa riga ba a yi ba. "Omo tuo" da ake rububinsa ranar Lahadi bayan an taso daga coci rabinsa Tonanci ne rabinsa Hausa, domin kuwa kashin farko shinkafa yake nufi, na biyun kuma tuwonmu ne. Kokon gero mai yaji ma da sunanmu ake sayar da shi, "Hausa koko", don a bambanta shi da kokon masara na mutanen kudu.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta. Ba Bahaushe ne ya ƙirƙiro tuwo ba. Dagombawa da Mosawa da Farafara da sauran mutanen arewa duk suna tuƙa shi tun kaka da kakanni, kuma kowa da sunan da yake kiransa da harshensa. Haka nan yawancin matan da ke dafa abincin nan a Nima, in ka bi asalinsu, za ka tarar da Kotokoli da Zabarmawa da Dagombawa da Wangarawa da Fulani da Busanga. Abin da ya faru shi ne Hausa ita ce harshen ciniki a Zango, saboda haka da sunan Hausa abincin ya fita kasuwa, kuma da shi ya shiga bakin mutanen ƙasar baki ɗaya.

ME YA SA BA A CI A GIDA?

Baƙon da ya zo daga Kano ko Maraɗi yakan yi mamaki idan ya ga magidanci mai mata da 'ya'ya yana aika yaro ya sayo abincin safe da na rana a bakin titi. A can wannan abin kunya ne ga matar gida. A nan kuwa ba haka ba ne, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Da farko dai Nima ba gari ba ne da ya tashi a kan gandu da rumbu. A farkon shekarun 1930 ne Malam Amadu Futa, wani Bafillace mai fataucin shanu, ya samu wannan fili daga hannun mutanen Osu, a lokacin wurin daji ne a bayan gari inda ake tsayar da dabbobi kafin a shiga da su kasuwa. A zamanin kuwa tuni akwai tsohon Zango a tsakiyar Akra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara, akwai kuma Sabon Zango da Malam Baƙo ya kafa. Yaƙin duniya na biyu shi ya cika Nima da mutane. An kafa sansanonin soja a kusa, an gina asibitin soja na 37 a shekarar 1941, ga filin jirgin sama, ga gidajen Turawa a Kantonmen da ke bukatar kuku da mai gadi da mai wanki. Maza suka yi ta kwararowa daga arewa da ƙasashen Faransa, yawancinsu gwauraye ne ko kuma sun baro iyali a gida. Gwauro kuwa ba ya tuƙa tuwo. Matan da suka fara ɗora tukunya a ƙofar gida don waɗannan leburori da tsofaffin soja, su ne kakannin wannan sana'a.

Dalili na biyu shi ne ɗaki. Gidajenmu na haya ne, gida guda iyali goma ko fiye, kowa da ɗakinsa ɗaya da 'yar barandar da ba ta fi tabarma biyu ba. Dokar haya ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata shida a gaba, amma kowa ya san shekara biyu ake nema, kuma wanda ya tattara kuɗin shekara biyu ya biya, ba shi da sauran abin sayen buhun shinkafa ya ajiye. Ko ya saya ma ina zai sa shi? Idan uwar gida ta lissafa kuɗin gawayi ko gas, da ruwan da za ta saya a bokiti, da tumatir da albasa da man gyaɗa, da kuma cinikin da za ta rasa a kasuwa saboda ta tsaya girki, sai ta ga sayen dafaffe ya fi mata sauƙi. Mai tukunya guda da ke dafa wa mutum ɗari biyu ta fi mata ɗari biyu da ke hura wuta ɗari biyu arha. Watau cin abinci a waje a Nima ba almubazzaranci ba ne, tattali ne. Akasari da dare ne kawai ake ɗora tukunya a gida, shi ma ba kullum ba.

SARAUNIYAR TITI

Mai koko ce ke buɗe gari. Gero ne ake jiƙawa a niƙa da citta da kanumfari da barkono, a tace, a bar shi ya kwana ya ɗan yi tsami, sannan a dama. Kusa da ita kullum akwai kaskon ƙosai, wani lokaci 'yarta ce ke suya, wani lokaci kishiyarta, kuma ba safai ake raba cinikin biyu ba. Zuwa ƙarfe tara ta wanke ƙwaryarta ta tafi.

Amma sarautar titi ta mai waakye ce, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin mutane da yawa suna ci ba su san wahalar da ke cikinsa ba.

Aikin waakye na gobe yau ake fara shi. Da la'asar ake tsince wake a jiƙa. Da daddare ake dafa ganda, wadda a nan muke kira wele, domin ita ba ta san sauri ba. Shito kuwa, wannan baƙin yaji na mutanen Ga da ake yi da busasshen kifi da jatan lande da barkono da mai, sai an tsaya a kansa sa'o'i ana juyawa, in an ɗauke ido kaɗan ya kama, in ya kama kuwa an yi asarar mai da kifi gaba ɗaya. Jan launin da ke bambanta waakye da shinkafa da wake na gida daga karan dafi yake fitowa, watau busasshen kuben jar dawa, irin wanda dukawa ke rina fata da shi. Ana jefa shi cikin ruwan waken tare da 'yar kanwa, kanwar ta jawo launin ta kuma tausasa waken, sannan a tsame karan a zuba shinkafa. Gwanintar tana wajen sanin lokacin zuba shinkafar. In an yi gaggawa wake ya fito da tauri, in an makara ya narke ya zama fate.

Saye ma ilmi ne. Ba a zuwa gaban Hajiya a ce "ba ni abinci". Sai ka faɗi na nawa kake so, sannan ka bi kayan haɗi ɗaya bayan ɗaya, taliya, garin rogo da aka murza da mai, dafaffen ƙwai, wele, kifi ko nama, soyayyar ayaba, wani wurin har da wagashi, watau cukun Fulani. Ita kuwa tana zubawa tana lissafi a ka, tana amsa gaisuwar mai wucewa, tana tsawata wa yarinyar da ke wankin kwano, kuma ba za ta yi kuskuren fesuwa ɗaya ba. Na koyar da lissafi shekara da shekaru, amma ban taɓa samun ɗalibin da ya kai waɗannan mata saurin haɗa kuɗi ba, alhali da yawansu allo kaɗai suka yi. Layin kuma babu babba babu yaro. Za ka ga ma'aikacin banki da taye a wuya ya ajiye mota a bakin titi, a gabansa kuwa karen motar torotoro ne, kuma dole ya jira.

Kowa ya ga layin sai ya ɗauka kuɗi ake shara. Wata Hajiya da nake saye a wurinta tun ina saurayi ta taɓa warware mini yadda abin yake. Ranar Laraba, ranar kasuwar Nima, take ɗaukar shinkafa da wake da mai, yawanci bashi, ta biya wata Larabar. Daga cinikin kowace rana sai ta fitar da kuɗin nama da gawayi da ruwa, da ladan 'yan mata uku da ke taya ta, da tikitin hukuma, da zubin adashi. Abin da ya rage shi ne nata, kuma a ciki ne gida zai ci. Ranar da aka yi ruwan sama da safe, rabin tukunya kan kwana, waakye kuwa ba ya kwana ya sayu.

Ga shi kuma kusan duk abin da ke cikin tukunyar daga nesa yake zuwa, saboda haka rigimar da aka yi a wata ƙasa sai ta faɗo cikin kwanon ɗan makaranta a Nima. Shanu daga Burkina Faso da arewa ake kawo su kasuwar Tulaku da ke wajen Ashaiman. Tumatir na rani daga Burkina. Albasa kuwa yawancinta ta Nijar ce. A watan Yulin 2021 aka tashi 'yan albasa daga Agbogbloshie aka mayar da su Adjen Kotoku, can bayan gari, kuɗin mota ya ƙaru a kan kowane buhu. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023 aka rufe iyakoki, motocin albasa suka maƙale a hanya kaya na ruɓewa, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Kafin wannan ma, a watan Disambar 2022, hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 54 cikin ɗari. Mai waakye ba ta iya ninka kuɗin abincinta a rana ɗaya, domin ta san aljihun masu sayenta. Abin da take yi shi ne ta rage cokali. Duk wanda ya saba saye ya lura da yadda ƙunshin ya yi ta ƙanƙancewa a waɗannan shekaru, kuma da wuya na waccan shekarar ya komo.

Da azahar sai masu tuwo su karɓi gari. Tuwon a nan ya fi na ƙasar Hausa laushi saboda garin rogo da ake haɗawa da na masara, ana cinsa da miyar ayoyo, watau lalo, a zuba jar miya a kai, ko kuma kuka ko busasshiyar kuɓewa. A rumfunan tuwo ne kaɗai har yanzu ake zama a kan benci a wanke hannu a ci a natse, kuma a nan ne za ka ji labarin wanda ya dawo daga Makka da wanda aka ɗaura wa aure. Mai son dokunu da soyayyen kifi ko fufu shi ma ba zai yi tafiya mai nisa ba, domin Nima ba ta Musulmi kaɗai ba ce.

BAYAN MAGARIBA

Idan rana ta faɗi sai sana'ar ta koma hannun maza. Babban titin nan da aka fasa ta tsakiyar unguwa a shekarun 1970, wanda ya cinye gidajen mutane da dama, shi ne yanzu ya zama falon kowa. Mahauta su kunna fitila su jera tsire, wanda mutanen nan ke kira cicinga, da balangu da kilishi da gasasshiyar zabuwa. Wannan sana'a ita ce har gobe ba a ƙwace daga hannun Hausawa da Zabarmawa ba. Ko a unguwannin masu kuɗi, in an yi biki, sai an nemo "Aboki" ya zo da yajinsa, ko da yake wannan suna ba kowane mahauci ne ke jin daɗinsa ba, ya danganta da bakin da ya fito. Mai shayi na gefe da tulin burodi da ƙwai, kuma tun da taliyar Indomie ta shigo, samari da yawa sun mayar da ita abincin dare.

Abin sha kuwa sai wanda ka zaɓa. Ga fura da nono, ga lamurje mai citta, ga sobolo, watau zoɓo, ga kuma burkina, haɗin gero da madara mai sanyi wanda sunansa ya nuna inda ya fito, wanda kuma cikin 'yan shekarun nan ya bazu har ana tallarsa a kwalaben roba a kowace mahaɗar motoci a Akra.

Amma abin shan da ya fi kowanne tara mutane shi ne ataya. Kowane lungu da majalisar samarinsa, wadda suke kira bes, da sunanta, da bencinta, da ɗan kurfoti da buta. Ganyen shayin daga Sin yake zuwa, al'adar kuwa daga ƙasashen Sahel. Ana dafa shi sau uku, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi, ana ɗaga buta sama ana tsiyayawa har ya yi kumfa, kuma kofin da bai kai tsawon yatsa ba sai ya ɗauki sa'a biyu ana zagayawa da shi. Dattawa da yawa suna ganin bes matattarar zaman banza ce. Ni ban yarda da wannan kai tsaye ba. Na ga bes da suka haɗa kuɗi suka yi jinyar ɗan'uwansu, na ga waɗanda ke fitowa yashe kwata ranar Asabar, kuma a nan ne saurayin da ba shi da aiki ke jin labarin inda ake neman lebura. Ranar 28 ga Nuwamban 2022, da ɗan unguwar nan Mohammed Kudus ya ci Koriya ta Kudu ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya, da rana aka yi wasan amma har tsakar dare buta ba ta sauka daga wuta ba, mai tsiren lungunmu kuwa tun kafin isha'i ya kakkaɓe teburinsa.

To amma ba za a ɓoye ɗaya gefen ba. Akwai bes ɗin da ba ganyen shayi kaɗai ke shiga butarsu ba. Tun wajen 2017 da 2018 da maganar ƙwayar tiramadol ta fito fili a ƙasar nan, mun ga yaran da muka koyar sun lalace a gaban idonmu, ana jefa ƙwayar cikin lemon ƙarin kuzari a sha kamar ruwa. Mashayar giya ma akwai su a gefe-gefen unguwa, inda ake sayar da akpeteshi da sauransu, masu su kuma ba su ɓoye ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ake sha a ɓoye cikin kofin da iyaye ke zaton shayi ne.

Watan azumi kuwa ba sai na faɗa ba. Dare ke komawa rana, kuma har waɗanda ba sa azumi sukan zo daga wasu unguwanni don kunu da masa da ƙosan la'asar.

KWATA DA ALLO

Yanzu bari in zo kan abubuwa biyu da ba mu son a faɗa a gaban baƙi.

Na farko tsafta. Yawancin teburan abincin nan a kan kwata suke, wasu ma katako aka shimfiɗa a kan lambatu aka ɗora tukunya. Ba don matan ba su san tsafta ba ne, da yawansu sun fi gidajen abinci masu gilashi wanke hannu. Wurin ne babu, famfon kuma ba kullum yake kawo ruwa ba. Wanda ya ga shekarar 2014 ba zai manta ba, lokacin da cutar amai da gudawa ta kama fiye da mutum 28,000 a ƙasar nan, ta kashe sama da 240, kuma yawancinsu a Akra da kewaye. A lokacin ciniki ya faɗi warwas, mai laifi da marar laifi duk suka sha. Doka ta ce duk mai sayar da abinci ya je a gwada lafiyarsa ya karɓi takarda. Wannan daidai ne, kuma bai kamata mu riƙa kallonsa a matsayin tsangwama ba. Amma takarda ba ta kawo ruwa.

Mu masu saye ma muna da namu laifin. Da can a ganye ake ƙunsa waakye, ganyen ya ƙara masa ƙamshi, in an yar kuma ya ruɓe. Yanzu koko a roba, miya a roba, shinkafa a farin kwanon nan marar nauyi na tafi-da-gidanka, kuma duk a kwata suke ƙarewa. Babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Mamobi tana gangarawa ne zuwa rafin Odo, ta wajen Sakul. Ranar 3 ga Yunin 2015 ruwa ya cika wannan wuri, wuta ta tashi a gidan mai, mutum fiye da 150 suka halaka, kuma toshewar magudanu na cikin abubuwan da aka ɗora wa alhaki. A watan Yunin 2025 Shugaba John Mahama ya ba da sanarwar cewa gwamnati za ta hana shigo da irin wannan farin kwano da ƙera shi. Ni dai tun kafin wannan, in na je saye nakan ce a sa mini a ganye, ko da za a ƙara mini kuɗi.

Na biyu ya shafi aikina. A kowane aji da na taɓa riƙewa akwai yarinya biyu ko uku da ke zuwa a makare, tufafinsu na warin hayaƙi, kuma kafin a fita tara sun kifa kai a kan tebur. Ba sai na tambaya ba, na san tun ƙarfe uku suke tsaye. Wasu 'ya'yan masu abincin ne, wasu kuwa an ɗauko su ne daga ƙauye da sunan riƙo. Na taɓa zuwa har gida wajen uwar wata yarinya mai ƙwaƙwalwa ƙwarai, na ce, "Hajiya, don Allah a rage wa yarinyar nan aikin asuba, jarrabawa ta matso." Ta dube ni ta ce, "Malam, kuɗin littafin da kuka ce a saya, daga ina kake tsammani yake fitowa?" Ban sami amsa ba, domin ni kaina ludayin koko ne ya biya mini kuɗin makaranta har na shiga kwalejin horon malamai, kuma yayyena mata ne suka yi ta tashin asuba don ni in yi barci. Daga baya muka daidaita da Hajiya a kan cewa yarinyar za ta yi aikin yamma, a ɗauke mata na asuba har a gama jarrabawa. Tun daga watan Satumban 2017 an ɗauke wa iyaye kuɗin babbar sakandare, saboda haka yarinyar da ta tsallake wannan mataki tana da hanya a gabanta. Barcin aji uku na ƙaramar sakandare shi ke tare ta.

WA ZAI GAJI TUKUNYAR?

A halin da ake ciki abincin Zango ya yi daraja irin wadda iyayenmu ba su taɓa zato ba. Manyan otal suna sa waakye da koko a teburin karin kumallo. Tun shekarar 2019, da gwamnati ta gayyaci baƙaƙen fata na Amurka da sauran ƙasashe su zo ganin gida, ake kawo baƙi rukuni-rukuni suna zagaya kasuwar Nima suna ɗanɗana tsire suna ɗaukar hoto. A Osu da Legon ta Gabas an buɗe shaguna masu fanka da kujeru inda ake sayar da waakye ninki biyu ko uku na kuɗin Nima, a yi oda ta waya, ɗan babur ya kai har ofis. In ka leƙa bayan irin waɗannan shaguna, sau da yawa 'yar Zango ce ke tsaye a kan tukunya ana biyanta albashin wata, sunan da ke jikin allo kuwa na wani ne.

Ba na ƙyashin kowa, mai nema yana tare da samu. Abin da nake tambaya shi ne me ya hana namu 'ya'yan. Na tambayi ɗalibaina abin da suke so su zama, na ji likita, na ji lauya, na ji ɗan ƙwallo, na ji mai tafiya Turai. Ko ɗaya babu wanda ya ce zai ɗaukaka sana'ar uwarsa, har da waɗanda sana'ar ce ta ɗinka musu rigar makarantar da ke jikinsu. Wasu ma in an cika takarda aka zo wajen aikin uwa sai su rubuta "'yar kasuwa" don kada a ce mai koko. A shekarar 2017 aka yi dokar kafa asusun raya Zango. Idan za a tambaye ni inda ya kamata kuɗi irin wannan ya shiga, zan ce a gina wa masu abinci rumfuna masu rufi da famfo da wurin zubar da shara nesa da kwata, a kuma ba su jari mai sauƙin biya don su daina ɗaukar shinkafa bashi da tsada. Shugabannin unguwa da limamai su ma suna da bakin magana a nan.

Akwai dai inda abin ya fara sauyawa. Hajiyar nan da na ambata, wadda nake saye a wurinta tun ina saurayi, ƙafa ta fara ba ta wahala, yanzu a kujera take zama tana sa ido. 'Yarta ta uku, wadda ta gama karatun akanta ta yi shekara biyu tana yawon neman aiki, ita ce ta karɓi ludayin. Ta sayi littafi tana rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, ta liƙa lambar karɓar kuɗi ta waya a jikin akwatin gilashi, ta kuma yi yarjejeniya da 'yan babur biyu masu kai abinci ofisoshin Kanda da Rij. Ta sa an yi mata allo da sunan uwar a jiki. Ranar Asabar da ta wuce na tarar da su suna musu. 'Yar na son a ƙara kuɗin ƙunshi a kuma daina ba da bashi, domin littafinta ya nuna mata yawan kuɗin da ke hannun mutane. Uwar kuwa ta ce akwai waɗanda suke ci a wurin nan tun kafin a haife ta, kuma muddin tana da rai ba za a mayar da su da kwano wayam ba. Har aka zuba mini nawa na biya na tafi ba su gama ba.